Jaririyar Kan Tabarma

Littafin ya shigo gidan ne cikin ledar kantin magani, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a hannun mutumin da ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya jera su kamar za a ɗauke su hoto. Dakta Musaddiq ke nan, ɗan Zariya, malamin Turanci a wata kwaleji mai zaman kanta a arewacin Jidda, wanda kwantiraginsa ke jiran sabuntawa. Ya zauna a kan dardumar falon Salim a unguwar Ammariyya, ya ajiye ledar a jikin cinyarsa, kuma duk tsawon cin abincin bai bari ta yi nisa da shi ba. Shinkafar bukhari ce da kaza, Lubabatu matar gidan ta ɗora tun hantsi. Ya ci, ya yaba, amma ko yaro ya san ba yunwa ce ta kawo shi ba.

Abin da ya kawo shi yana zaune a kusurwar falon. Hajja Turai ce, mahaifiyar Lubabatu, ta rungume matashin kujera tana jijjiga shi a hankali. Tun shekarar da aka rushe unguwarsu ta Karantina aka kwaso su zuwa wannan gidan haya, hankalinta ya fara zuba kaɗan kaɗan. Wata rana ta san kowa, wata rana ta nemi a kai ta gidansu, gidan da yanzu fili ne da shingen kwano.

Shekaru da dama Musaddiq ya yi yana nazarin mutum ɗaya: Gerald Ashwick, marubucin Ingila, ɗan akawun tashar jiragen ruwa, wanda aka kora daga makaranta saboda ƙarya ya kuma mayar da ita sana'a. Littafinsa na farko labarin mutuwar mahaifinsa ne, ya rubuta shi uban na da rai, har ya aika masa kwafe. A wani littafin kowane babi yana ƙaryata wanda ya gabace shi. Ya yi aure uku, kowace mata ta tsinci kanta a cikin shafi kafin ta tsinci kanta a waje. A tsakiyar shekarun tamanin ya zo Jidda koyar da ma'aikatan tasha Turanci, daga nan ya fito da littafin da ya yi masa suna, *Matar da Ta Zo Sau Uku*. Akwai mai aikin gida a ciki, sunanta Turai. Manazarta na Landan sun yi ta rubutu cewa babu ita, Ashwick ne ya ƙera ta. Sai ga shi wata rana a mota, Salim, mu'aƙƙib ɗin kwalejin, wato mai yawo da takardun malamai ofis ofis, ya ce surukarsa ta taɓa yi wa wani Bature mai rubuce-rubuce aiki, 'yan Karantina na kiransa Mai Lofe. Musaddiq bai yi barcin kirki ba har Juma'ar nan ta zo.

"Yalla, Duktur, karanta mana," in ji Salim, yana goge hannu. "Mu ji me Baturen ya ce a kan Khala." Haka yake kiran surukarsa da Larabci, wato inna.

Lubabatu ta ajiye shayi ta tsaya a bakin ƙofar kicin, mayafinta a rufe da rabin fuska. 'Ya'yanta biyu, Manal da Joud, suka leƙo ta bayanta suna dariya ƙasa ƙasa, wai kakarsu tana cikin littafi.

Musaddiq ya buɗe babi na tara. Ya karanta da Turanci, ya juya da Hausa, murya a tausashe kamar mai wa'azi a rediyo. Wata safiya Turai ta zo aiki da jarirai biyu, tata goye a baya, na maƙwabciyarta Madina a kafaɗa, domin an kwantar da Madina a asibiti. Yaron ya yi ta tsala kuka har marubucin ya kasa aiki. Sai Turai ta kwance 'yarta ta ajiye ta a kan tabarma, ta zauna a dokin ƙofa ta ba wa yaron nono har ya yi barci. Haka ta riƙa yi kullum har aka sallamo uwarsa.

"Kuma ka san sunan yaron?" Musaddiq ya ɗago, fuskarsa na ƙyalli. Wannan ce tsarabar da ya ɓoye tun a mota. "Salim. Mahaifiyarka ba Madina ba ce, Allah Ya ji ƙanta? Kai ne wannan jaririn. Kana cikin littafin da ake karantawa a jami'o'in duniya."

Ba wanda ya yi dariya. Na'urar sanyaya ɗaki ta ci gaba da gurnaninta. Manal ta kalli uwarta, don Hausarta ta ji ce ba ta faɗa ba, kuma ta ga alamar wani abu ya wuce ta.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya a kan Musaddiq. Ba jahili ba ne. Ya yi karatun fiƙihu a zaure tun yana yaro, ya san cewa yaron da ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu. Amma shekara da shekaru yana karanta nonon nan a matsayin alama. Ya rubuta cewa Afirka ce ke shayar da abin da ba ta haifa ba. Ya rubuta cewa harshe ne, ya rubuta cewa tarihi ne. Bai taɓa tuna cewa nono ne ba sai da ya ga Lubabatu ta dafa bango.

Salim ya miƙe a hankali ya je ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Khala, kin shayar da ni?"

Hajja Turai ta dube shi da murmushi mai daɗi, ta shafa gemunsa. "Duk yaran Karantina 'ya'yana ne. Duk na shayar da su."

"Abu Manal, jiya fa ta ce ita ta haifi mai gadin gidan nan," Lubabatu ta ce wa mijinta. Ta yi ƙoƙarin yin dariya, muryar ta ƙi. "Mai gadin ɗan Bangaladash ne."

Salim ya miƙe. Ya ɗauki makullin motarsa ya ce bari ya mayar da Duktur gida.

Daga ranar ya koma kwana a falo, bayan mako guda ya koma gidan wani abokinsa. Ya riƙa zuwa sallar asuba a sahun farko, ya riƙa yin magana da muryar mai ciwon haƙori. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Jarrabawa ce, ku sa mu a addu'a." Mutane suka tausaya masa. Abin da ba su sani ba, ko suka sani suka haɗiye, shi ne Salim ya daɗe da gajiya da auren nan. Kakansa ya zo aikin Hajji da ƙafa tun da wuri, ya samu jinsiyya, saboda haka Salim ɗan ƙasa ne. Su Turai sun zo a makare, iƙama, takardar izinin zama, kawai suke riƙe da ita. Lokacin da kowa ke Karantina, layi ɗaya, famfo ɗaya, bambancin bai dami kowa ba. Da aka rushe unguwar, abokan aikinsa suka koma gidaje masu lif a arewa, sai ya fara jin Hausar matarsa ta yi yawa, turarenta ya yi ƙarfi. Saki kuwa bai yiwuwa ba tare da zagi ba, domin bayan rasuwar Madina a hannun Turai ya ƙarasa girma, kowa ya sani. Yanzu ga ƙofa ta buɗe da kanta, kuma an rubuta tsoron Allah a samanta.

Lubabatu ta kira Musaddiq a waya yana tsakiyar duba takardun ɗalibai.

"Duktur, ni ce Ummu Manal. Shekara goma sha shida nake gidan mutumin nan. Kai ka shigo da abin nan, ya'ani kai za ka fitar da shi."

"Hajiya, wallahi ban yi nufin haka ba. Kuma ai ba a nan babin ya tsaya ba. Sau uku ya ba da labarin."

"To me ya hana ka karanta sauran?"

"Na farkon ya fi kyau," in ji shi, kuma sai da maganar ta fita ya ji ɗacinta.

Ya koma Ammariyya da ledarsa. Salim ya zo saboda shi, ya zauna nesa da matarsa. Musaddiq ya karanta na biyu: Turai ta ƙi ba yaron nono, ta ce nata bai ishi 'yarta ba, ta dama masa madara a kofi. Ya karanta na uku: marubucin da kansa ya shigo cikin labarin ya ce ranar ma ba ya gida, yana bakin teku, duk abin da ya faɗa ƙirƙira ce, har da wannan da yake faɗa yanzu. Musaddiq ya yi bayani mai tsawo a kan irin wannan rubutu, yadda ake yin sa da gangan don mai karatu ya daina neman gaskiya guda ɗaya. Ya yi bayanin da kyau, irin wanda ɗalibansa ke kwafa.

Salim ya saurara har ƙarshe, ya ƙirga da yatsu. "Ɗaya ya ce e. Ɗaya ya ce a'a. Ɗaya ya ce bai sani ba. Khala kuma ta ce e. Duktur, kai malami ne. Ni zan kwanta da shakka a shimfiɗa ɗaya? Na tambayi shehi, ya ce in zuciyata ta rinjaya cewa an yi, to in bari."

"Kuma zuciyarka ta rinjaya?" in ji Lubabatu.

"Ba ni na rinjayar da ita ba."

"Baturen yana da rai?" Ta juya ga Musaddiq. "In yana da rai a tambaye shi. Shi ya gani ko bai gani ba."

Yana da rai. Ya haura tamanin, yana zaune a wani ƙauye a gaɓar tekun Ingila, kuma ya yi shekaru bai yi hira da kowa ba. Musaddiq ya sha rubuta masa saƙo na ladabi, da sharhi, da yabo, ko gaisuwa bai taɓa samu ba. Wannan karon ya rubuta masa gajere: babi na tara yana shirin raba wani aure a Jidda, jaririn da jaririyar sun girma sun auri juna. Amsa ta zo kafin ya gama shan shayinsa. Ashwick ya ce a kira shi ta bidiyo, duk ranar da aka ga dama.

Aka sa ranar Asabar bayan la'asar. Musaddiq ya zo da wuri don ya haɗa kwamfuta. Lubabatu ta kira shi bakin kicin wai ya karɓi tire, ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Turancin Abu Manal na cika takarda ne, ba zai bi maganar tsoho ba. Ni ko kaɗan ba na ji. Duk abin da mutumin nan ya ce, kai ne bakinsa, Duktur."

Ya gane. Ba ta roƙe shi ya yi ƙarya ba, ta dai nuna masa inda take, ta koma ciki. Ya ɗauki tiren, ya ɗora kwamfutar a kan tebur, ya danna wurin naɗar magana. Wani jan ɗigo ya kama ƙiftawa a kusurwar allon.

Fuskar ta bayyana. Tsoho ne siriri, bargo a kan gwiwa, lofe marar wuta a gefen baki, bayansa taga da ruwan sama. Ya nemi a juya masa kwamfutar ya ga Turai. Ya daɗe yana kallonta tana jijjiga matashinta, ita ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ta tsufa ba da izinina ba," in ji shi. Musaddiq ya fassara, shi kaɗai ya yi murmushi.

Sai ya yi tambayar. Cikin ukun nan, wanne ne ya faru?

"Shekara hamsin ina rubutu don in hana mutane yi mini wannan tambayar," in ji Ashwick.

Musaddiq ya sake bayani, a hankali. A addininsu nono yana ƙulla zumunta kamar jini. Ga mijin, ga matar, ga 'ya'ya biyu a ɗaki. In an shayar, auren ya warware. In ba a shayar ba, kalma ɗaya daga bakinsa za ta isa.

Tsohon ya cire lofen. Idanunsa suka yi haske, kamar yaron da aka miƙa wa alawa. "Wato da gaske ne. Babi ɗaya nawa zai raba aure. Ka san manazarta sun ce littattafaina wasa ne, ba sa taɓa jikin kowa? Kash, da suna raye." Ya yi tari, ya yi dariya, ya sake tari. "Sunayen ma ban canja ba, sun fi duk wanda zan ƙirƙiro daɗi, kuma wa zai karanta ni a can? Bari in gaya maka abin da na tuna. Na tuna mace. Na tuna kukan yaro. Na tuna zafi. Sauran na rubuta shi sau uku, kuma yau dukkan ukun ina tuna su daidai wa daida."

"Ranka ya daɗe, ko da zato ne," in ji Musaddiq da Turanci. "Wanne ka fi zato?"

"In na ce ƙarya ne na kashe babin. In na ce gaskiya ne ma na kashe shi. Ba zan kashe shi ba, shi ne mafi kyawun abin da na yi." Ya mayar da lofen. "Amma ka rubuto mini yadda ta ƙare. Ina da ɗan littafi a hannu, na rasa masa ƙarshe."

"Me ya ce?" in ji Salim.

Lubabatu ta juyo ga Musaddiq. Ta sauke mayafinta kaɗan, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Musaddiq ya ji tausayinta har cikin ƙashinsa. Jimla ɗaya ce: ya ce ƙirƙira ce, bai ga komai ba. Rabinta ma gaskiya ce, tana nan a babi na tara. Salim zai yi shiru, ba shi da abin kamawa. Sai idonsa ya faɗa kan jan ɗigon. Hira ta farko da Gerald Ashwick cikin shekaru masu yawa, kuma ga muryarsa a ciki. Wata rana wani zai saurara, wani mai jin harsunan biyu, ya ji Dakta Musaddiq yana cin amanar fassara. Ya gaya wa kansa cewa amana ce. Wataƙila har ya yarda.

Ya fassara duka. Bai bar dariyar ba, bai bar manazartan da suka mutu ba, bai bar ɗan littafin da ke neman ƙarshe ba. Ya zaɓo kalmomi masu kyau, domin fassara aikinsa ne kuma ya iya. Da ya zo kan "dukkan ukun ina tuna su daidai wa daida," har ya ɗan dakata ya gyara jimlar don ta zauna.

"Halas, shi ke nan," in ji Salim a hankali. Ya shafa fuskarsa da tafukansa biyu kamar wanda ya idar da addu'a. "Shi kansa bai musa ba."

Lubabatu ta mayar da mayafinta, ta tattara kofuna. A allon, tsohon na tambaya ko za a iya matso da kwamfutar ya ga fuskar matar.

Kotu ba ta nemi littafi ba, ba ta nemi Bature ba. Salim ya tsaya gaban alƙali ya yi iƙirari da bakinsa cewa ya gamsu matarsa 'yar'uwarsa ce ta shayarwa, kuma iƙirarin miji a kan kansa ya isa. Lubabatu ta ce ba ta yarda ba, aka rubuta cewa ba ta yarda ba, aka raba auren. Alƙali ya tabbatar musu cewa yaran halal ne, babu laifi a kan wanda bai sani ba. Bakin mutane bai karanta hukuncin ba. A gidajen biki na tsofaffin 'yan Karantina aka fara nuna Manal da Joud da haɓa, har Manal ta daina fita. Salim ya bar musu gidan, aka yi ta yabon karamcinsa.

Maƙalar Musaddiq ta fito a wata mujallar Landan, da hoton Ashwick na ƙuruciya a shafin farko, tsaye a bakin tashar Jidda da lofe a baki. Ta tabbatar da cewa Turai mace ce mai rai, ta kuma tabbatar da cewa ko samun ta bai warware babi na tara ba, wanda shi ne daɗin abin. Kwaleji ta sabunta kwantiraginsa. Salim da kansa ya kai takardun, ya dawo masa da sabuwar iƙama har ofis, suka yi musabaha.

Ya ɗauki watanni kafin ya iya komawa Ammariyya. Ya je wata Juma'a da kwafen mujallar a hannu, yana gaya wa kansa cewa haƙƙinsu ne su gani. Lubabatu ta buɗe masa ƙofa. Ta rame, amma ta yi masa maraba yadda ake yi wa baƙo, ta kawo ruwa. Sai ya buɗe mujallar ya miƙa wa tsohuwa.

Hajja Turai ta ajiye matashin. Ta kawo hoton kusa da idonta, ta yi dariya ta gaske, irin ta mai hankali.

"Mai Lofe. Kai, mutumin nan da rowar sukari." Ta shafa takardar. "Amma shi ya riƙa sayo mini madarar gwangwani, Allah Ya saka masa. Lokacin Luba, nonona ya ƙafe tun kafin suna, zazzaɓi ya sha shi. Ko ita ban shayar ba. Da cokali na raine ta." Ta dubi 'yarta. "Ke kin ci abinci kuwa?"

Lubabatu ta tsaya cak da jug ɗin ruwa a hannu.

"Duktur, ka ji?"

"Na ji."

"Za ka rubuta?"

Ya dubi mujallar. An riga an buga, an riga an yaba, kuma duk gininta a kan rashin sani yake tsaye. Ya ce zai duba yadda za a yi. Ita ma ta ji abin da hakan ke nufi.

Ana cikin haka aka murɗa makulli, Salim ya shigo da ledar lemo, sabon tufafi, ƙamshinsa ya riga shi. Har yanzu yana da makullin gidan. Me zai hana? Muharraminta ne yanzu, yana shiga ba sallama mai tsawo, yana cin abincin Juma'a kamar da.

"Salamu alaikum. A'a, Duktur. Ya ukhti, 'yar'uwata, yaya gida?"

Lubabatu ta faɗa masa abin da uwarta ta ce, kalma bayan kalma, ba ta ɗaga murya ba. Ta roƙi tsohuwa ta maimaita. Hajja Turai ta riga ta koma ga matashinta, tana yi masa waƙa.

"Subhanallah," in ji Salim da taushi. "Ranar da ta ce e, kin ce ba ta cikin hankalinta. Yau da ta ce a'a hankali ya dawo? Ma'alesh, yi haƙuri, ukhti. Abin da Allah Ya rufe kar mu tona." Ya zauna ya ɓare lemo, ya miƙa wa Musaddiq rabi. "Dama akwai maganar da ta kawo ni, kuma gara da Duktur na nan, ba baƙo ba ne. Akwai wata yarinya, Lujain, ƙanwar abokin aikina. Mutanen kirki. Kin san al'ada, mata ne ke fara zuwa gidan su gani, su yi magana, uwa ko 'yar'uwa. Ummi ta rasu. Khala ga yadda take. Ba ni da kowa sai ke." Ya tofar da ƙwallon lemo a tafinsa. "Alhamis mai zuwa, bayan magariba. Ki sa abaya mai kyau."

Musaddiq ya ji kunya ta rufe shi. Ya jira ta yi kuka, ko ta jefi mutumin da jug ɗin, ko ta kore su duka biyun. Yana son ta yi, don ya samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ajiye jug ɗin a kan tire, ta goge ɗigon ruwan da ya zuba da gefen mayafinta, sannan ta juyo gare shi.

"Duktur, akwai abin da nake so in tambaye ka tun ranar farko. A littafin, jaririyar. Wadda aka kwance aka ajiye a kan tabarma don a ba yaron nono. Daga baya me ya same ta?"

Ya san littafin kamar tafin hannunsa. Ya bi babi na tara a kansa, na farko, na biyu, na uku. Ya bi sauran babukan har bango. Bai taɓa yin wannan tambayar ba, kuma cikin duk manazartan da ya karanta babu wanda ya yi ta.

"Ba a sake ambatonta ba," in ji shi.

Lubabatu ta gyaɗa kai, kamar an gaya mata farashin abin da ta riga ta sani. Ta ɗauki tiren.

"Shayi da na'ana'a ko babu?" ta tambaye su, ta shiga kicin ba ta jira amsa ba.